Yadda muka samar wa sabbin azarorin silin mazauni a tsohon gidan dutse

Bara in ba da labarin aikin nan tun daga tushe, saboda lokacin da nake cikinsa kusan duk bayanin da nake cin karo dashi akan ginin bulo ne, bango sumul, ka huda ka ɗaure ka wuce, shi kuwa tsohon bangon dutse ba haka halinsa yake ba sam. Gidan namu irin na da ne, kaurin bangon ya kai santimita 55 zuwa 60, duwatsu ne manya da ƙanana waɗanda ba a sassaƙa ba, an ɗora su da kwaɓin farar ƙasa da yashi, asalin ginin babu siminti ko ƙwaya. Silin ɗin ɗakin sama ne ya fara yin ciki, sai ga tsaga ta bi gefen bango ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan, ga kuma wani shatin ruwa ja-ja da yake ƙara faɗi duk lokacin da aka yi ruwan sama mai iska.

Tashin farko muka kashe wutar ɓangaren gaba ɗaya don wayoyi suna bi ta cikin silin ɗin, sannan muka sauke tsohuwar filastar. Irin silin ɗin nan ne da ake jera siraran katakai a buga su a jikin azara sannan a yaɓa musu filasta mai kauri, nauyinsa ba kaɗan bane, ƙurarsa kuma ba a magana, don Allah duk wanda zai yi wannan ya nemi takunkumi na gaske da tabarau, ba ƙyalle a hanci ba. Da azarorin suka fito fili sai na ga abun mamaki, tsakiyarsu lafiya ƙalau, ka buga guduma kaji ƙara tsaf, har na fara murna ina cewa ai ƙila filastar ce kawai ta gaji. Ashe ba a nan gizo yake saƙa ba. Bakin kowace azara yana shiga cikin wani gurbi ne a jikin bango, to nan ne matsalar take, ina danna sukundireba a bakin gurbin naji ta lume ba tare da na sa ƙarfi ba, katakon ya zama gari baƙi-baƙi mai danshi, wasu ma abinda ya rage yana riƙe dasu bai fi faɗin yatsa biyu ba. Gaskiya a ranar hankalina ya tashi, don a ƙarƙashin wannan silin ɗin ake kwana.

Na samo ɗan injin nan mai allura biyu da ake auna danshin katako dashi. A bangon da iska ke kaɗo ruwa kansa, bakin azarorin yana nuna sama da kashi 25 cikin ɗari, a ɗaya bangon kuwa 14 zuwa 15 ne. Abinda aka sani shine fumfunar da ke ruɓar da katako bata samun yadda take so sai danshin ya haura wajen kashi 20 ya kuma daɗe a haka, kaga kenan lissafin ya fito da kansa. Kuma bakin katako, wato wajen da zarto ya yanka, yafi gefensa shan ruwa nesa ba kusa ba, zuƙarsa yake kamar lagwanin fitila, ga shi an cusa shi cikin bango mai sanyi inda iska bata kaiwa.

Kafin a taɓa katako ko ɗaya sai da muka bi sawun ruwan. Indararon wannan gefen ya tsage, ruwa yana bin bango maimakon ya sauka ƙasa, sannan wani da ya riga mu zama a gidan ya yi wa bangon filastar siminti ta waje. Niyyarsa mai kyau ce na sani, so yake ya tare ruwa, amma tsohon bango na dutse da farar ƙasa yana shan ruwa ne ya kuma fitar dashi idan iska ta buga, haka aka gina shi ya rayu. Siminti irin wanda muka sani sai a 1824 aka yi masa rajista a Ingila, kuma ya ɗau shekaru da yawa kafin ya zama ruwan dare a gidajen mutane, to duk gidan da ya girme shi ba da tunaninsa aka gina ba. Idan ka lulluɓe irin wannan bango da siminti, da ya ɗan tsage ruwa zai shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, sai ya tsaya a ciki ya nemi katako. Muka gyara indararon, muka ɓamɓare simintin daga saman bangon a hankali, aka cike tsakanin duwatsun da farar ƙasa. Ni a ganina wanda ya tsallake wannan matakin ya sa sabon katako, ruɓar kawai ya ɗaga wa lokaci.

Daga nan na kira injiniyan gini, kuma wannan shawara ce da ba zan gaji da baiwa mutane ba. Ni tambayata ɗaya ce, wane girman katako zan saya. Shi kuwa ko kallon katakon bai fara yi ba, sai ya hau tsani da tocila ya leƙa cikin rufin ya daɗe, da ya sauko yace min, malam, kafin mu yi maganar girma sai mun san ko azarorin nan silin kawai suke ɗauke dashi ko har bangon suke riƙewa. Ya min bayani cewa a gidaje da yawa azarar silin ita ce take ɗaure ƙafafun rafta, wato katakan da ke gangarowa suna ɗauke da rufi, na wannan gefe da na wancan, nauyin rufi kullum tura bango yake waje, azarar ce take janyo shi, idan ka yanke su duka a lokaci ɗaya rufin zai iya buɗewa ya tura kan bangon. A namu an yi sa'a rufin yana da nasa manyan gungumen katakai da suka ɗaure shi, azarorin kuma suna ƙasa da kan bango da kamar taƙi biyu, to ba su ne ke riƙe turin rufin ba. Amma duk da haka yace suna taimaka wa bangon ya tsaya a miƙe, don haka ba za a cire su gaba ɗaya ba, biyu ko uku za a riƙa cirewa a maye gurbinsu kafin a matsa gaba.

Maganar girman katakon ma ta zo da sauƙi. Faɗin ɗakin mita 3.8 ne daga bango zuwa bango, ya lissafa nauyin allon silin da audugar hana zafi da sanyi da za a shimfiɗa a sama da mutum ɗaya idan ya hau gyara, ya ce a sayi mai kauri milimita 47 da tsayi 175, mai hatimin C24, wato lambar ajin ƙarfin katako, tazara kusan santimita 40. Na tambaye shi ko mai 150 ba zai yi ba tunda ya fi sauƙin ɗagawa, yace ba karyewa yake tsoro ba, lanƙwasa yake tsoro, don filasta bata jure lanƙwasa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kar tsakiyar ta sauka fiye da tsawon azarar a raba shi gida 360, a namu kenan milimita 10 da ɗan ɗori. Kuma taurin azara yana bin tsayinta ne sau uku a ninke, idan ka ninka tsayin biyu taurin ya ninka takwas, shi yasa wannan ɗan bambancin na 150 da 175 yake ba da ƙarin tauri kusan kashi 60 cikin ɗari. Tun daga ranar na daina raina santimita biyu da rabi.

To yanzu ga ainihin abinda ya cinye mana lokaci da tunani, a ina bakin sabuwar azara zai zauna. Hanyoyin da muka tattauna ba su da yawa. Ko a mayar da ita cikin tsohon gurbin, ko a ɗaure dogon katako a jikin bango a rataye azarorin a jikinsa da hangar ƙarfe, wato ƙarfen nan mai kamar harafin U da bakin azara ke zama a ciki, ko a kafa ƙarfe mai kusurwa ko duwatsu masu leƙowa su zauna a kai. Akwai kuma hangar da ake cusa harshenta cikin layin kwaɓi na bango kai tsaye, wannan ita muka fara watsarwa, don an yi ta ne saboda bulo mai layi miƙaƙƙe da nauyin gini a samanta yana danne ta, bangonmu kuwa babu layi ɗaya miƙaƙƙe a jikinsa. Na kuma so a ce a yanke ruɓaɓɓen bakin kawai a haɗa sabon guntu a gefe da bol da noti, hanya ce mai kyau kuma tana ceton tsohon katako, da ma a ce ruɓar bata yi nisa ba da ita zan zaɓa, amma namu ƙwari sun bi ta cikin wasu har kusan mita guda, ga su sirara tun asali.

Dattijon maginin da ya yi mana aikin dutsen shi ya buɗe min ido akan yadda bangon yake a ciki. Ya zare wani ƙaramin dutse a bakin gurbi ɗaya yace, ɗana, miƙo hannunka nan. Na zura hannu naji tsakuwa da ɓaraguzai suna motsi, wani wajen ma fayau babu komai. Yace ai irin wannan ginin fuska biyu ne, ta ciki da ta waje, tsakiyar kuwa cikon duwatsu ne da ragowar kwaɓi aka zuba, sai jefi-jefi a sa dogon dutse da zai ratsa ya haɗa fuskokin biyu. Wato kaurin santimita 60 da nake taƙama dashi ba dunƙule ɗaya bane. Nace Baba, to bol ɗin da za mu ɗaure a me zai kama, yace yauwa, tambayar kenan, a dutse zai kama idan dutsen babba ne kuma ya zauna daram, idan ƙarami ne kai da shi za ku fito tare.

Da muka kankare filastar bangon biyu a daidai layin da azarorin za su zauna sai muka ga ba halinsu ɗaya ba. Bangon da ruwa ke duka manyan duwatsu ne a wannan layin, wasu sun kai tsawon hannu, amma a jiƙe yake kuma zai daɗe kafin ya bushe, bango mai wannan kaurin ba a sati yake bushewa ba. Ɗaya bangon a bushe yake ƙayau amma duk ƙananan duwatsu ne, kwaɓin ma ka sa yatsa sai ya zubo. Shine injiniyan yace kowanne a bi shi da abinda zai iya ɗauka. Jiƙaƙƙen bangon kar katako ya sake shiga cikinsa, a ɗaure dogon katako a fuskarsa a yi amfani da hanga. Busasshen kuma kar a wahalar dashi da bol, a gyara gurabensa a mayar da azara ciki. Wani amfanin da ban hango ba sai da aka zo sawa, azarar da za ta shiga gurbi ta gefe biyu dole ta fi faɗin ɗakin tsawo, to ta yaya za ka shigar da ita, sai dai ka zurfafa gurbi ɗaya sosai ko ka fasa bangon ta sama. Amma idan gefe ɗaya hanga ce, zura bakin kawai za ka yi cikin gurbi ka sauke ɗaya bakin cikin hanga, shikenan.

Kafin yanka muka tokare. Jakunan ƙarfe masu zare, wato turakun tokare da ake murɗawa su ƙara tsayi, muka jera layi biyu, kowane layi kamar rabin mita daga bango, katako mai kauri a samansu yana tallafe azarorin, wani kuma a ƙasa don nauyin ya bazu. Kuma da yake ɗakin sama ne sai da muka sake tokare daɓen daga ɗakin ƙasa, jaki a ƙarƙashin jaki har zuwa ƙasa, in ba haka ba ka ɗauke nauyi daga ruɓaɓɓen katako ka ɗora wa wani tsohon katakon da baka duba ba. Ba a murɗa jakin da ƙarfi don a ɗaga, a dai sa ya kama. Sannan muka fitar da layin lebul zagaye da ɗakin da siririn tiyo mai ruwa a ciki, don a tsohon gida ba a auna komai daga daɓe ko daga tsohon silin, duk sun karkace, namu bambancin wannan kusurwa da waccan ya kai santimita 4.

Gefen guraben aikin haƙuri ne. Kowane gurbi sai an kwashe ruɓaɓɓen katakon tas, har garin, a share da buroshi, duk dutsen da yake motsi a cire shi a sake zaunar dashi. A ƙasan kowanne Baba ya kwantar da dutse mai faɗi guda ɗaya wanda ya fi azarar faɗi sosai, don nauyin ya sauka akan duwatsu biyu ko uku na ƙasa ba akan guda ɗaya ba, ya daidaita samansa da layin lebul. Kwaɓin farar ƙasa ce mai lamba NHL 3.5, wato irin wadda ke ƙamewa da ruwa mai matsakaicin ƙarfi, awo ɗaya da yashi mai kaifi awo biyu da rabi zuwa uku. Tana cin hannu sosai kuma in ta faɗa ido abun ba daɗi, safar hannu da tabarau dole ne. Bata kuma son gaggawa, ba kamar siminti ba da gobe ka dawo ka tarar ya ƙame, ita sai an riƙa yayyafa mata ruwa an kare ta daga iska da rana, mun bar ta kwanaki masu ɗan dama kafin mu ɗora mata nauyi. Akwai lokacin da na ce Baba ko za mu ɗan barbaɗa siminti a ciki ya yi saurin kamawa, ya girgiza kai yace ɗana, abinda muka ɓamɓare a waje shi za mu dawo dashi ciki, kuma a daidai bakin katako. Ban sake tayar da maganar ba.

Zaman da bakin azara zai yi akan dutsen, a Ingila abinda aka saba nema shine milimita 90 aƙalla, a Amurka inci 3 wato wajen milimita 76, mu mun ba shi 100 zuwa 110 saboda bakin dutse ba miƙaƙƙe bane kuma ba ka so nauyin ya tsaya a gaɓar da za ta iya ɓallewa. Katakon mai magani muka saya, amma maganin baya ratsawa har tsakiya, to duk inda zarto ya bi sai mun sake shafe bakin da maganin har ya sha. A ƙarƙashinsa muka sa ɗan yankin ledar hana danshi, a ƙasa kawai. Wani ya ba ni shawara in naɗe bakin gaba ɗaya da leda in ɗaure, injiniya da magini duka suka ce a'a, ledar da ta hana ruwa shiga ita za ta hana wanda ya shiga fita, bakin sai ya zauna cikin gumi. Abinda muka yi shine barin sarari kamar kaurin yatsa a gefe da gefe da baya da sama, iska tana zagayawa. Inda ake buƙatar ɗan ɗagawa don lebul ya daidaita, siraran ɓallin dutse masu faɗi muka saƙa, ba guntun katako ba, don guntun katako yana motsewa ya kuma ruɓe, bayan shekaru ka ga azara ɗaya ta sauka ita kaɗai.

Gefen dogon katakon kuwa shine ya fi ba ni tsoro, saboda duk nauyin rabin silin akan ƙarafa 'yan ƙalilan zai rataya. Ba tef ne ya faɗa mana inda za a huda ba, duwatsun ne. Muka bi layin da alli muna yi wa kowane babban dutse alama a tsakiyarsa, nesa da gefensa, ba a cikin kwaɓi ba, sannan muka kwafe alamomin zuwa jikin katakon, shi yasa in ka kalle shi za ka ga bol ɗin ba a jere suke ba, wani sama wani ƙasa, tazarar wani santimita 40 wani 55. Bol mai buɗewa a cikin rami idan an ɗaure shi ba mu yi amfani dashi ba, don turin da yake yi yana iya tsaga dutse ko ya sassauta shi daga mazauninsa. Sandar ƙarfe mai zare muka sa, mai kauri milimita 12, ta ƙarfen da baya tsatsa, a cikin rami mai milimita 14, da gam ɗin kemikal mai haɗi biyu da ake matsawa da bindiga. Dalilin ƙarfe mara tsatsa biyu ne, bangon yana da danshi, kuma tsatsa kumbura take yi har ta fasa dutse, sannan maganin katako mai jan ƙarfe a ciki yana cin baƙin ƙarfe.

Wanke ramin shine rabin aikin, kuma shine abinda mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi. Ka hura da famfo, ka goge da buroshin rami, ka sake hurawa, ka maimaita har ƙura ta daina fitowa, in ba haka ba gam ɗin ƙurar zai kama ba dutsen ba. Farkon abinda ya fito daga bindigar zubar dashi ake yi sai kalar ta zama ɗaya, a cika ramin daga can ciki ana janyowa, a murɗa sandar a hankali tana shiga har gam ya ɗan tofo a baki. Inda dirilar ta ratsa dutsen ta faɗa fayau, sai mun sa wata 'yar raga mai kamar yatsan safa a ramin don kar gam ɗin ya tsiyaye cikin bango a banza. Lokacin ƙamewarsa yana rubuce a jikin kwalin kuma ya danganta da sanyi ko zafin bangon, mun ƙara akan abinda aka rubuta. Injiniyan ya dawo da wani ɗan injin da ke janyo sandar ya gwada wasu daga ciki, guda ɗaya dutsen ne da kansa ya motsa, gam ɗin bai saki ba, dutsen ne bai zauna ba, sai Baba ya cire shi ya sake gina wajen muka matsa zuwa na kusa dashi.

Bangon ba sumul yake ba, wani wajen katakon ya taɓa dutse wani wajen akwai sararin santimita 2 ko 3. Kar ka ce za ka ɗaure noti har katakon ya bi tudu da kwarin bangon, lanƙwashewa zai yi kuma kana jan dutsen waje. Kar kuma ka bar sandar tana tsaye a fili tsakanin bango da katako, don a nan ne take lanƙwasa idan nauyi ya hau. A bayan kowane bol sai da muka cike da abu mai tauri da baya ruɓewa, ya zauna cif, sauran wajen kuma muka bar shi iska na wucewa, wanda dama abinda muke so kenan a jiƙaƙƙen bango. A gaba washa mai faɗi murabba'i don kar notin ya nutse cikin katako. Akwai wajen da ya kai kusan mita ɗaya babu wani dutsen kirki, a nan injiniyan ya kawo dabarar da ta fi burge ni a duk aikin, tsofaffin guraben da dama za mu toshe, sai aka kwantar da ƙarfe mai kauri mara tsatsa a cikin biyu daga ciki, ya leƙo waje kaɗan, aka gine kansa da dutse da farar ƙasa, dogon katakon ya zauna a kai. Wato a nan ba rataye yake ba, zaune yake, kuma ni har yanzu hankalina ya fi kwanciya da abinda ya zauna akan abinda aka rataye.

Sa azarorin kansu bai ɗau lokaci ba. Kowacce sai kafinta ya ɗaga ta ya kalli tsawonta da ido ɗaya, duk katako yana da ɗan doro, doron ake juyawa sama don nauyi ya miƙar dashi. Kowacce kuma da nata awon, babu biyu masu tsawo ɗaya saboda bangon yana shiga yana fita. Bakin ya zauna har ƙasan hanga kuma ya matsu da bayanta, sararin kar ya wuce 'yan milimita. Ramukan ƙusa da ke jikin hangar duka ake cikewa, da gajerun ƙusoshi masu kauri da aka yi dominta, ba sukurun allon silin ba, waɗannan karyewa suke yi fat idan nauyi ya zo musu ta gefe. A tsakiyar ɗakin muka jera guntayen katako tsakanin azara da azara layi ɗaya, da wani layin kusa da bangon guraben, tunda mun bar sarari a gurbin dole wani abu ya hana su murɗewa. Sai kuma ɗaurin bango, don hanga nauyin da ke sauka ƙasa take ɗauka, bata da ƙarfin riƙe bango idan zai yi waje. Aka sa dogayen ƙarafa masu faɗin milimita 30 da kauri 5, tazarar da bata wuce mita 2 ba, kai ɗaya a jikin azara, ɗaya kan kuma a lanƙwashe a gine cikin bango a bayan dutse mai kyau.

Da mai wuta ya zo mayar da wayoyi na tsaya a kansa da takardar injiniya a hannu, ba don ban yarda dashi ba, sai don sara ɗaya a wajen da bai dace ba yana iya rage ƙarfin azarar da muka sha wahala akanta. Rami a tsakiyar tsayin katakon ake yinsa, faɗinsa kar ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin, a namu kenan milimita 44, kuma ba a dab da bango ba ba kuma a tsakiyar ɗaki ba. Sara ta ƙasa kuwa babu shi kwata-kwata.

Da yake mun bi tsofaffin guraben ne tazarar azarorin bata zo daidai ba, wata santimita 38 wata 43, shi kuwa allon silin mai faɗin mita 1.2 da tsawo 2.4 yana son bakinsa ya faɗa kan katako. Sai muka gicciya siraran katakai a ƙarƙashin azarorin, tazara santimita 40 cif, muka ƙarasa daidaita lebul ɗin dasu, allon ya hau kansu. A gefen jiƙaƙƙen bangon ban bari an rufe layin ƙarshe ba sai da na ga awon danshin dogon katakon ya tsaya ƙasa da 18 ya daina hawa ko bayan ruwan sama. Audugar da aka shimfiɗa a sama ma ba mu tura ta har ta toshe bakin rufin ba, an bar hanyar iska. Na kuma sa an bar 'yar ƙofa a silin ɗin kusa da wannan bangon, wadda kai da kafaɗa za su iya shiga, don in riƙa leƙa bol ɗin da bakin azarorin da tocila ina auna danshinsu duk shekara bayan ruwa ya ɗauke.